Taku Uku Tsakaninta da Jidda

Ummulkhairi Bawa ba ta son hirar makarantar kwana. Idan abokan aikinta a ƙaramin asibitin da take aiki a Kalgo suka ɓarke da labarin gabza da miyar kuka tsululu, da yadda siniyoyi suka sa su tsallen kwaɗo, suna dariya har da hawaye, ita sai ta ƙirƙiri wani aiki ta tashi. Suna ɗauka ko ba ta yi makarantar kwana ba ne. Ta yi, shekara shida cur. Amma duk abin da take tunawa a cikin shekarun nan ya taru ne a zango ɗaya, kuma yarinya ɗaya ce a tsakiyarsa.

Shekararta goma sha biyu lokacin da mahaifinta ya goyo ta a babur daga Masama, akwatin ƙarfe ɗaure a baya, bokiti a cinyarta, ya kai ta makarantar 'yan mata ta Tudun Marke, can bayan gari a ƙasar Gwandu. Yanzu an daɗe da rufe makarantar, awaki ke shan inuwa a azuzuwan. A lokacin kuwa ɗalibai sun haura ɗari biyar, rijiya biyu suke ja, kuma ɗakin kwana ɗaya yakan ɗauki yara arba'in a gadajen ƙarfe masu hawa biyu.

An ba ta gadon ƙasa. Tana cikin shimfiɗa zanen gado sai ga wata siririyar yarinya, doguwa, mai kitso biyu da suka sauko har kafaɗa, ta tsaya a kanta tana murza bakin mayafi.

"Don Allah ki bar mini ƙasa, ki hau sama," in ji ta. Hausarta da ɗan karkacewa irin ta mutanen ruga.

"Saboda me?"

"Tsoron sama nake ji."

Ummulkhairi dama sama take so, don haka ba ta ja magana ba. Haka ta san Jidda, ɗiyar Baffa Isa, makiyayi daga wata ruga da ke tsakanin Gwandu da Dangoma. Ita ce mace ta farko a rugarsu da ta wuce firamare.

Kafin wata ya cika sun zama ba a ganin ɗaya sai da ɗaya. Kwano ɗaya suke ci. Jidda ta iya jan guga fiye da kowa a ajinsu, kafin wata ta ciro ɗaya ta ciro uku, ta cika bokitin Ummulkhairi ta cika nata. A lissafi ma haka take. Malamin yakan rubuta tambaya a allo, kafin ya karkaɗe alli daga hannunsa ta ɗaga nata hannun. Ita kuma Ummulkhairi tana koya mata karatun Turanci, tana ba ta ƙuli-ƙuli da garin kwaki da innarta take aiko mata daga Masama. Ranar da aka ba su wake mai ƙwari, Jidda ce take zama ta tsince su ɗaya bayan ɗaya da tsinke, tana ba su sunayen siniyoyi, har Ummulkhairi ta manta da ƙyama ta ci.

Abu ɗaya ne Jidda ba ta wasa da shi. Kullum da safe, kafin ƙararrawar asembili, takan buɗe lokarta, ta kwance wani ƙullin tsumma, ta ɗauki 'yar ƙaramar ƙwaya fara ta haɗiye da ruwa. Da Ummulkhairi ta tambaya, ta ce maganin ciki ne. Zangon farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka.

A zango na uku, cikin tsananin zafin bazara, aka naɗa Halima Sadiya shugabar ɗakinsu. 'Yar aji biyar ce, kyakkyawa, mai tsabta, kuma tana son a san an ba ta muƙami. A wannan makon firinsifal ta yi dogon faɗa a asembili a kan 'yan matan da aka ce suna shan ƙwaya a wasu makarantu. Ranar Asabar da hantsi Halima Sadiya ta sa kowa ta tsaya a bakin gadonta ta buɗe loka. Ta ƙwace man bilicin, ta ƙwace wasiƙu biyu, ta zo kan ƙullin tsumman Jidda.

"Wannan fa?"

"Magani ne, Siniya."

"Na mene ne?"

Jidda ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake magana. Maganin mene ne ba takarda, ba kwali, a ƙulle a tsumma kamar taba?"

Yara talatin da tara suna kallon Jidda. Halima Sadiya ta jira, ta sake tambaya, sannan ta kwashe ta da mari. Ta ce don tausayi ba za ta kai ta gun firinsifal a kore ta ba. Ta tasa ta gaba har masai, ta sa ta ta juye ƙwayoyin cikin rami da hannunta, daga nan ta ba ta yankan ciyawa na kwana uku.

Da yamma suna wanki a gindin marken da ke bayan rijiya, Jidda ta daina cuɗa rigar da ke hannunta.

"Ummu, in gaya miki wani abu, ki rantse ba za ki faɗa ba."

"Wallahi ba zan faɗa ba."

"Ba maganin ciki ba ne. Faɗuwa nake yi."

Ummulkhairi ta fahimta nan take, ko da yake Jidda ba ta kira sunan ciwon ba. A Masama akwai wani mutum mai farfaɗiya. Idan ya faɗi a kasuwa mutane sukan watse, bayan ya tashi a zo da kara a ƙona wurin. Tun tana ƙarama aka gaya mata kada ta kuskura ta taka yawunsa, kada ta sha ruwa a moɗar da ya sha. Yanzu ga shi wata takwas tana tsoma hannu a kwano ɗaya da mai irin ciwonsa.

Jidda ta ga fuskarta. "Ba a ɗauka," ta ce da sauri. "Likita a Birnin Kebbi ya gaya wa Baffa. Innata da hannunta take share mini baki tun ina shekara biyar, ba ta taɓa faɗuwa ba. Shekara biyu ke nan ban faɗi ba saboda maganin nan. In ya zo mini, ki juya ni a gefe kawai, ki janye ni daga abin da zai ji mini ciwo. Ba ya daɗewa. Za ki yi?"

"Zan yi," in ji Ummulkhairi. "Amma mu je mu gaya wa Metiron a samo wani."

"In aka sani za a mai da ni gida. Saura mako bakwai a yi hutu. Zan daure."

A daren nan da wanda ya biyo, Ummulkhairi ta ci tare da ita kamar kullum, sai dai ta riƙa ɗebowa daga nata gefen kwanon tana barin katanga a tsakiya.

Kwana tara bayan haka, ranar Litinin, suna jere a filin asembili rana ta fara zafi, Jidda ta yi wata irin ƙara da Ummulkhairi ba ta taɓa jin mutum ya yi ba. Ta sandare, ta kife a ƙasa, jikinta ya kama karkarwa, dugaduganta suna dukan tsakuwa, kumfa na fita ta gefen bakinta. Wata ta kwarma ihu, "Farfaɗiya!" Layuka suka tarwatse. Ummulkhairi ba ta san lokacin da ta yanke shawara ba, ta dai tsinci kanta a bayan tutar makaranta tare da sauran, tana leƙe ta kafaɗar wata.

Jidda ta yi ta bugun ƙasa ita kaɗai a tsakiyar fili. Malamai mata biyu suna tsaye nesa suna salati. Da abin ya sake ta, ta kwanta shiru, siket ɗinta a jiƙe. Can ta tashi zaune tana dube-dube kamar wadda aka tasa daga barci, goshinta na jini. Idonta ya bi taron har ya sami Ummulkhairi. Ba ta kira ta ba. Metiron, wata dattijuwa da ake kira Goggo Jummai, ta zo ta tsaya daga gefe ta ce ta tashi ta biyo ta. Kafin a tashi tara, an tara busasshiyar ciyawa an ƙona wurin da ta faɗi.

Daga ranar rayuwar Jidda ta sake. Aka fitar da katifarta daga ɗaki aka kai ɗan sito da ke ƙarshen baranda, inda ake ajiye tsintsiya da fatanya. Aka ɗaura wa kwanonta jan zare. Aka hana ta zuwa rijiya, kada yawunta ya faɗa ciki. A aji bencin da take zama ya zama nata ita kaɗai, na gabanta da na bayanta ma aka ja su. An aika wa mahaifinta, amma aka dawo da labarin ya yi kudu da shanu neman ruwa, sai damina ta sauka. Firinsifal ta ce to ta zauna har hutu, daga nan a san abin yi. Ma'aikacin ɗakin magani ya ba ta farasitamol.

Ita ma Ummulkhairi abin ya shafe ta. A layin abinci aka fara matsawa daga kusa da ita. Wata ta ce, "Ku bar ta, saura ita, kwanonsu ɗaya." Halima Sadiya ta kira ta bayan ɗaki, ta dube ta ido cikin ido.

"Kin san tana da shi?"

"Ban sani ba, Siniya."

"Ƙwayoyin nan da na zubar, maganin ciki ne ta ce miki, ko?"

"Eh, Siniya."

"To haka za ki ce ko wa ya tambaye ki."

Sai daga baya, da ta girma, Ummulkhairi ta gane cewa Halima Sadiya ma a tsorace take ranar. A lokacin ita dai abin da ta gani shi ne hannun da ya mari Jidda. Da la'asar ta ɗauki kwanonta da cokalinta da kofinta ta je bakin rijiya, inda kowa zai gani, ta dirje su da toka da yashi har sau uku. Wasu 'yan ajinsu suka taya ta da zuba ruwa. Jidda tana zaune a ƙofar sito da littafin lissafi a cinya, tana kallo.

Sau ɗaya Jidda ta yi mata magana bayan wannan. Sun haɗu a hanyar masallaci, ba kowa kusa.

"Ummu, ki gaya wa Goggo Jummai zancen maganin. Ni in na matso ta sai ta ce in tsaya can, ba ta sauraro. Sunansa na rubuce a katin da ke gun Baffa, amma in an gaya wa likita zai sani."

"To," in ji Ummulkhairi, tana waige.

Sau biyu ta je har ƙofar Metiron. Na farko ta tarar da Halima Sadiya a ciki tana ninke mata kaya, ta ce ta zo gaisuwa ne. Na biyu ta tsaya a bakin ƙofa, ta tuna za a tambaye ta yadda aka yi ta sani, ta juya.

Tun da an hana Jidda rijiya da shara cikin mutane, sai aka ba ta aikin da ba mai so: ɗebo itace daga bayan kicin tana kai wa masu girki. Kicin ɗin rumfar kwano ce a buɗe, da manyan murahu huɗu a jere, kowanne da tukunyar da yaro zai iya zama a ciki. Babbar mai girki, Baba Fatsuma, ita kaɗai ce a makarantar take miƙa wa Jidda abu hannu da hannu, har takan ajiye mata ƙanzo.

Ranar wata Asabar da safe, saura mako uku hutu, layin ɗaukar kunu ya faɗo kan Ummulkhairi. Ta je da bokiti ta shiga sahun yara wajen goma sha biyar, ita ce ta biyu daga gaba. Baba Fatsuma ta tafi siton abinci karɓo sukari, sauran masu girkin suna can baya suna tankaɗe. Jidda ta shigo da itace a ka, ta sauke, ta durƙusa tana tura wani gungume cikin murhun farko. Sai ƙarar nan ta sake fita.

Ta faɗi ta gefen dama. Hannunta ya shige cikin murhu har gwiwa, kuncinta ya kwanta a kan dutsen murhun. Jikinta na karkarwa, kowace girgiza tana ƙara cusa hannun cikin garwashi. Hannun rigarta ya kama.

Yara suka watsar da bokitai suka yi waje suna ihu. Ummulkhairi ba ta gudu ba wannan karon. Ta tsaya. Taku uku ne tsakaninta da Jidda, ta sha auna shi a ranta daga baya. Ƙafar Jidda tana nan kusa, ba abin da ake bukata sai a kama a ja. Ta ga kumfar da ke zuba a ƙasa daidai inda za ta taka. Ta ji muryar Jidda a gindin marke tana cewa ba a ɗauka, ta kuma ji muryar kakarta tana cewa ko ƙuda ya taɓa yawun ya taɓa ka shi ke nan. Ta ɗaga ƙafa ta mayar. Warin ya iso hancinta, warin da ta sani daga ranar Layya idan ana babbaka. Bakinta yana ta faɗin "Jidda, Jidda," amma hannuwanta suna riƙe da bokiti gam.

Ba ta san tsawon lokacin ba. Baba Fatsuma ce ta zo a guje, ta bangaje ta, ta cafki ƙafafun Jidda ta fizgo ta, ta yaye zanenta ta danne wutar. Tsohuwar ta ɗago ta dubi yaran da suka yi cirko-cirko a waje, ta dubi Ummulkhairi.

"Ku duka? Ku duka kuna tsaye?" in ji ta. "Wace irin ɗiya aka haifa haka?"

Aka shimfiɗa Jidda a bayan motar ɗaukar kayan abinci aka nufi Birnin Kebbi. Baba Fatsuma ce ta riƙe kanta a cinya. Kunun ranar ba wanda ya sha. Da rana aka sa Ummulkhairi ta haɗa kayan Jidda a sito, don ba mai yarda ya taɓa. Ta ninke riguna biyu, ta sa littattafai a akwati. A cikin littafin lissafi ta ga Jidda ta gama duk aikin da ke gaba har na ƙarshen zango, da rubutunta ƙanana masu tsabta, ba wanda ya duba mata.

Bayan kwana goma Baffa Isa ya zo karɓar kayan. Dogo ne, rama ta kama shi, da malafa da sanda, ƙafafunsa sun yi furu-furu da tafiya. Ya ce a kira masa Ummu. Ta fito, ta durƙusa ta gaishe shi a gaban ofishin Metiron. Halima Sadiya tana tsaye a baranda.

"Ke ce Ummu? Ɗiyata ba ta da zance in ta zo hutu sai naki." Ya kwance wata 'yar ƙwarya daga jakarsa, man shanu ne a ciki. "Innarta ta ce a ba ki. An ce mini ke kaɗai ce ba ki gudu ba. Allah shi saka miki, Allah shi ba ki masu tsaya miki."

Ummulkhairi ta karɓa da hannu biyu.

"Abu guda ya ɗaure mini kai," in ji shi. "Na ba ta magani na wata huɗu, na ƙirga da hannuna. Ƙarewa ya yi, ko ta bar sha?"

Ta ji idon Halima Sadiya a ƙeyarta.

"Ban sani ba, Baffa."

Ya gyaɗa kai, ya ce haka Allah ya so. Ya ɗora akwatin a ka ya tafi. Man shanun ya zauna a lokarta har ya yi tsami, ta kai shi bayan katanga ta binne. Jidda ba ta dawo ba. Aka ce ta rayu, daga nan ba a sake zancenta ba. Sabuwar shekara ta zo, aka ba wata yarinya gadon ƙasa.

Ummulkhairi ta gama makaranta, ta yi karatun aikin jinya, ta yi aure, aka turo ta Kalgo. A aji aka koya mata abin da Jidda ta gaya mata a gindin marke, kusan kalma da kalma. Aka kuma koya musu cewa yanke irin wannan magani farat ɗaya shi ke tayar da ciwon da ƙarfi. Ranar ta fita daga aji ta yi amai a bayan taga.

Shekara ashirin da ɗaya bayan gobarar, wata ranar kasuwa, tana zaune tana rubuta kati sai wata mata ta zauna a gabanta da yarinya 'yar shekara bakwai mai zazzaɓi. Matar ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Da ta miƙo katin da hannun hagu, mayafin ya zame. Hannun daman a lanƙwashe yake, yatsun sun manne da juna sun dunƙule, fatar kunci ta tattare har ta ja gefen ido.

"Sunan yarinya?" in ji Ummulkhairi.

"Ummulkhairi."

Suka dubi juna. Jidda ce ta fara ganewa da baki. Ta saki salati, ta kamo hannunta da hannun hagu tana dariya, gefen bakinta ɗaya ne ke motsi.

"Ummu! Ummu Bawa! Ashe kina nan kusa? Ke yarinya, gai da takwararki. Wannan ce wadda nake ba ki labari, wadda ta ciro ni daga wuta."

Ummulkhairi ta duba yarinyar, ta rubuta magani, ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata layi. Ta ja Jidda zuwa benci a bayan asibiti, ƙarƙashin dogon yaro. Jidda ta yi ta ba da labari. Wata biyar ta yi a asibiti. Hannun bai sake riƙe alƙalami ba, ta gwada da hagu ta gaji. Ta auri ɗan ƙanen mahaifinta, suna zaune kusa da Dangoma, 'ya'ya uku, ɗaya ya rasu. Baffa Isa ya rasu bara waccan. Tana shan magani har yanzu, takan yi shekara ba ta faɗi ba. Ba ta iya tatsa, amma ita ke yi wa matan ruga lissafin nono da ka.

"Ban tuna komai na ranar ba," ta ce. "Na dai tuna itace a kaina, sai na farka a asibiti. Baffa ya ce duk sun gudu sai ke. Na ce ai na sani. Duk abin da ya faru kafin nan na ce yarinta ce, tun da ranar da ta zama dole kin zo."

Ummulkhairi tana iya yin shiru. Ta yi shirun shekara ashirin da ɗaya, ta san yadda ake yi. Amma yarinyar tana tsaye a gabanta tana kallonta da irin kallon da ake yi wa waliyyi.

"Jidda, ba ni ba ce."

"Ba ke ce me ba?"

"Ba ni na ciro ki ba. Baba Fatsuma ce. Ni ina tsaye kusa da ke, ina kallo, ban taɓa ki ba. Da na ja ki tun farko, da hannun nan bai kai haka ba. Kuma ban gaya wa Goggo Jummai zancen maganin ba. Baffa ya tambaye ni, na ce ban sani ba."

Jidda ta sa hannun hagu ta gyara mayafi, ta rufe kuncin. Wani babur ya wuce a titi, wata mata tana kiran lamba daga cikin asibiti.

"Kin daɗe a tsaye?" Jidda ta tambaya a hankali.

"Na daɗe."

"Baba Fatsuma tana da rai?"

"Ta rasu tun muna aji huɗu."

"Ban taɓa yi mata addu'a ba ko sau ɗaya," in ji Jidda. "Ke nake yi wa."

"Ki yafe mini, don girman Allah."

"Yara ne mu," in ji Jidda. "Na yafe, don kada Allah ya tambaye ni. Amma da kin bar ni da abin da na sani. Shi kaɗai na fito da shi daga makarantar nan."

Ta miƙe, ta karɓi takardar maganin, ta tambayi sau nawa za a ba yarinyar a rana. Ummulkhairi ta gaya mata, ta ce ta dawo da ita bayan kwana uku a sake dubawa. Jidda ta ce to. Ta juya wajen ɗiyarta, ta buɗe baki za ta kira ta, sai ta tsaya.

"Ke," ta ce, "taho mu tafi."

Bayan kwana uku wata tsohuwa ce ta kawo yarinyar, ta ce uwar tana da aiki. Zazzaɓin ya sauka. Ummulkhairi ta tambayi kwatancen rugar, tsohuwar ta kwatanta mata dalla-dalla, har da kukar da ake karyawa a gindinta. Ta rubuta a bayan wani tsohon kati ta sa a jakarta. Damina biyu ke nan tun lokacin, hanyar Dangoma ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba daga ƙofar gidanta, kuma har yau ba ta je ba.